Burushi da Hannun da Ya Ƙi Buɗewa

Ba kowa ne ya san sunansa na yanka ba. Burushi ake ce masa tun yana saurayi, don da wuya ka gan shi babu ɗan siririn burushin fenti soke a bayan kunnensa. Shekara ashirin da shida ya yi yana zana fastar gidan sinimar da ke bakin kasuwa. Duk ranar da sabon fim ya iso, da hantsi sai ya hau ɗan ɗakin nan na sama mai zafi kamar tanda, inda abokinsa mai haska fim yake aiki, wanda kowa ke kira Majigi. Majigi ya kunna masa fim ɗin su biyu kawai, shi kuma yana zaune a kan akwati da takardar buhun siminti a cinya, yana ɗaukar fuskoki da gawayi. Kafin la'asar ya cika allon katako mai tsayin mutum biyu, a jingine shi a ƙofa, masu wucewa su yi ta tsayawa suna sakin baki.

Ya zana 'yan dambe, ya zana masoya, ya zana 'yan fashi a kan babura. Amma abin da ya fi shiga ransa shi ne finafinan duniyar gobe, masu motocin da ke yawo a sararin sama da mutum-mutumin da ke magana. A cikinsu ma ya fi son jarumin da ya rasa hannu a yaƙi aka dasa masa na ƙarfe. Irin wannan hannun, Burushi ya zana shi ya fi a ƙirga. Har ƙari yake yi masa. In a fim yatsu biyar ne kawai na azurfa, shi sai ya sa wa kowace gaɓa 'yar fitila shuɗiya, ya sa hannun yana murƙushe bindiga kamar kara.

A kan wannan ne shi da Majigi suka shafe rayuwarsu suna musu.

"Ƙarya ce tsagwaronta," in ji Majigi. "Ni da nake juya fim ɗin na fi ka sani. Kwali ne da fenti, irin naka."

"Ba ƙarya ba ce, mutumina. Gaba suka yi mana kawai. Za mu tarar da su."

Ranar da Burushi ya fara ganin mutum yana magana da ɗan'uwansa a waya suna kallon fuskar juna, ƙafa ya taka har gidan Majigi don kawai ya ce masa, "To, ka gani?" Majigi ya leƙa sama ta taga, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Ina motar mai tashi? Kuma a cikin finafinan nan naka, ka taɓa ganin jarumi yana yawo gida-gida yana neman inda zai yi caji?"

Sinimar ta mutu a hankali, aka mai da ita rumbun ajiye tayil. Injin buga hoto ya zo, yana fitar da fasta cikin minti goma da fuskokin da suka fi nasa kama da masu su. Burushi bai yi fushi da injin ba, sai dai ya ce a duk finafinan da ya kalla babu wanda ya nuna masa mai zane zaune ba aiki. Ya koma rubuta allunan shaguna, na masu aski da masu sayar da magani da makarantun yara. Matarsa ta rasu a tsakanin nan, ta bar masa 'yarsu ɗaya tilo, wadda ta riga ta yi aure tana ɗinki a wani shago a bakin babban titi.

Yana da shekara hamsin da takwas abin ya same shi. Yana saman tsani, yana ɗaga allon wani shagon taya mai firam ɗin ƙarfe, kusurwar allon ta taɓa babbar wayar wuta da ta yi lanƙwasa a saman rufin. Bai tuna ƙarar ba, bai tuna faɗuwar ba. Ya dai farka a asibiti bayan kwana uku, ya ɗaga hannun dama zai sosa hanci, bai ga abin da ya iso ba. An yanke shi kaɗan ƙasa da gwiwar hannu.

'Yarsa ta ɗauke shi ya koma gidanta, ɗakin da ke kusa da ƙofa. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu ba a gan shi ba, don haka yawanci su uku ne a gidan, shi da ita da jikarsa mai shekara biyar, wadda ya laƙaba wa suna Surutu saboda bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci. Burushi ya koyi cin abinci da hagu, ya koyi sa maɓalli da hagu, a hankali har ya fara jan layi da burushi, ko da yake haruffan suna fitowa kamar masu jin sanyi. Abu ɗaya ne ya kasa, wato bari a ga dungun. Kullum cikin riga mai dogon hannu yake, an naɗe bakin an soke da fil. Ko wanka zai shiga sai ya yafa tawul a kafaɗa. Surutu ta yi tambaya har ta gaji. Ya ce mata hannun ya tafi unguwa.

Bayan shekara biyu aka kira shi daga sashen masu haɗa gaɓoɓin roba na asibitin. Suna gwada wani sabon hannu mai aiki da batir, suna neman mutum goma da za su sa wa. Burushi ya kasa zaune ya kasa tsaye don murna. Ya yi aski, ya sa rigar da ya fi so, ya shiga ɗakin yana murmushi kamar wanda zai karɓi kyauta a gaban jama'a.

Wadda ta karɓe shi wata injiniya ce, ba ta kai 'yarsa shekaru ba, da tabarau da ɗan sukudireba a aljihun gaba. Ta buɗe akwati ta ɗauko hannun. Baƙi ne, na roba da ƙarfe, babu fitila ko ɗaya. Yana da wani dogon kofi da dungun zai shiga, a cikin kofin kuma akwai ƙananan ƙarafa biyu masu faɗin maɓallin riga.

"Waɗannan su ne kunnuwansa, Baba," ta ce. "Suna sauraron tsokar hannunka. Ka motsa wannan tsokar, ya rufe. Ka motsa waccan, ya buɗe. Shi ke nan abin da ya iya."

"Shi ke nan?"

"Me kake so ya yi kuma?"

Ya ji kunyar faɗa mata. Ya dai tambaya ko zai iya riƙe burushi da shi ya yi zane. Ta ce zai riƙe, amma zanen sai dai na hagu, don wuyan hannun ba ya juyawa.

Wata uku yana zuwa koyo. Hannun yana da nauyi, kafin azahar kafaɗarsa ta ƙage. Zufa tana taruwa a cikin kofin har ya ji dungun yana iyo. In yatsun za su motsa sai sun yi wata 'yar ƙara kamar sauro a kunne, zzz, sannan su taho a hankali. Ya fasa ƙwai ya fi goma sha biyu a teburin injiniyar. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ba ya jin komai. Ko auduga ya riƙe ko dutse, duk ɗaya.

"Bai san abin da ya riƙe ba," in ji ta. "Idonka shi ne fatarsa. Kuma ka ji ni da kyau, Baba, kada ka riƙe abu mai rai da shi. Ko kaza."

'Yarsa ma ta kafa tata dokar ranar da ya murƙushe mata kofin roba a kan tabarma, shayi ya malale. Ta dube shi, ta dubi Surutu da ke dariya tana tafi, ta ce, "Baba, don Allah, wannan abin kada ya taɓa min yarinya. Ka riƙe ta da naka na Allah."

Ya ce ya ji.

A gida abin wahala ne, amma a kan layi Burushi ya zama wani abu. Yara suna binsa a baya suna roƙon ya murƙushe dutse. Masu shaguna suna kiran baƙinsu su zo su gani. Shi kuwa bai taɓa ce musu zai iya ba, bai kuma taɓa ce musu ba zai iya ba. Sai ya ɗaga hannun, ya sa yatsun su rufe da 'yar ƙarar nan, ya yi murmushi ya wuce. Har Majigi, da ya zo ya juya hannun ya ƙwanƙwasa shi da farce, sai da ya ce, "To, wannan kam ka ci." Burushi bai gaya masa zancen zufar ba, bai gaya masa zancen ƙwan ba. Shekara talatin yana jiran wannan kalmar, ba zai ɓata ta da kansa ba.

Aikinsa na kullum shi ne ɗauko Surutu daga makaranta da ƙarfe ɗaya, ya kai ta shagon uwarta. Hanyar ba nisa, sai dai dole a tsallaka babban titi, mai layi biyu, inda manyan motoci ke gangarowa daga gada ba sa son taka birki. Tsarinsa ɗaya ne, ya rataya jakarta a hannun batir, ya kama ta da hagu.

Ranar, rana ta buɗe sosai, rigarsa ta jiƙe tun kafin ya isa makarantar. Surutu ta fito a guje tana riƙe da wani abu a tafin hannu biyu. An sa su aikin yumɓu, ta gina wata dabba mai ƙafa biyar da ta ce raƙumi ne, bai gama bushewa ba.

"Kaka, riƙe min. Kada ka fasa. Umma zan kai wa."

Ya dubi raƙumin, ya dubi hannun da ya fasa ƙwai fiye da goma sha biyu. Ya karɓa da hagu.

"To ke kama gefen rigata. In kika saki, raƙumin nan ni zan cinye shi."

"Ai ba ka da haƙora."

Haka suka taho, tana riƙe da rigarsa tana ba shi labarin wata yarinya da ta ciji malama. Suka iso bakin titi suka tsaya. Daga inda suke ana hango shagon a ɗaya gefen, ƙofar a buɗe, labulen yana kaɗawa. Burushi ya juya kai yana duba motocin da ke gangarowa. Wata tankar ruwa ce tafe, ta cika fam, ruwa yana fallatsa daga samanta. Ya ce a ransa bari wannan ta wuce.

Sai ya ji rigarsa ta yi sako-sako.

"Umma!"

Ta riga ta sauka kan kwalta. Taku ɗaya, taku biyu. Direban ya danne hon, ƙarar ta cika titin. Burushi bai yi tunanin komai ba. Jikinsa ya manta da shekara biyun nan, ya miƙa dama kamar yadda ya saba miƙawa tun yana yaro. Jakar ta zame ta faɗi. Yatsun baƙin hannun suka sauka a wuyan hannunta suka rufe, ya fizgo ta baya da dukan nauyinsa, su biyu suka zube a bakin kwata. Tankar ta wuce har iskarta ta ɗaga ƙura a fuskarsu, ta taka jakar, ta tsaya can gaba da ƙarar birki.

Ya zauna yana haki. Yarinyar tana kan cinyarsa, da ranta, idanunta a waje. Raƙumin ya zama laka a tafin hagunsa.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Alhamdulillahi. Tashi mu gani."

Ya motsa tsokar buɗewa. Yatsun ba su motsa ba.

Ya sake. Ya ji 'yar ƙarar nan, zzz, sai dai ba buɗewa suka yi ba. Ƙara matsewa suka yi.

Surutu ta tsala ihu.

"Kaka, zafi! Sake ni!"

"Yanzu, yanzu. Tsaya."

Duk dungun ya ɗaure tamau, tsoka ta sama da ta ƙasa sun ƙage tare, zufa tana gudu a cikin kofin. Ya san abin da ya kamata ya yi, ya saki jiki, ya ja numfashi, ya yi kamar zai ɗaga bayan hannu sama. Amma yaya mutum zai saki jiki jikarsa tana ihu a kunnensa? Ya gwada. Zzz.

Mutane sun taru. Mai faci da ke kusa ya taho da gudu, mai sayar da lemo ta bar farantinta, direban tankar ya sauko yana salati. Da farko sannu suke yi, suna cewa tsohon nan ya yi ƙoƙari. Sai wani ya lura.

"Kai, Baba, sake ta mana, ai motar ta wuce."

"Ya ƙi buɗewa."

Maganar ta zaga cikin taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Wata mata ta ɗora hannu a ka tana cewa abin ya juya masa, dama haka suke yi, ta gani a fim, daga baya sai su daina jin maganar mai su. Wani ya ce a ja da baya kada ya kama wani. Samari biyu suka ɗaga waya suna ɗauka.

Sai ga 'yarsa. Ta tsallako titin ba takalmi, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta. Ta durƙusa, ta kama yatsun da hannu biyu tana ja. Ko gezau.

"Baba, sake ta."

"Ina ƙoƙari, 'yar nan."

"Baba, na ce ka sake min yarinya!"

Bai taɓa jin wannan muryar daga bakinta ba. Ya dubi hannun Surutu. Yatsunta sun kumbura, farcen sun fara yin duhu.

"A kashe shi mana!" in ji direban. "Ba shi da makunni?"

"Kada wanda ya taɓa!" Burushi ya daka tsawa. "In aka kashe shi a rufe, a rufe zai zauna."

Mai faci ya dawo da ƙarfen cire taya. Ya ce a ba shi wuri, yanzu zai ɓalle yatsun. Ya cusa bakin ƙarfen tsakanin babban yatsa da fatar yarinyar, ya ɗan danna. Ihun da ta yi ya sa shi sakin ƙarfen ya faɗi ƙasa. Babu inda ƙarfen zai jingina sai a kan ƙashinta.

'Yarsa ta laluba aljihunsa ta ciro wayarsa, ya gaya mata ta nemo lambar injiniya. Ta kira. Tana ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ba a ɗauka ba. Asibitin kuwa yana can ɗaya ƙarshen gari, a wannan cunkoson sai a yi awa guda ba a isa ba.

Kukan Surutu ya fara sauka, ya koma wani siririn nishi. Wannan ya fi ihun tsorata shi.

A nan ne wani abu ya faɗo masa. Wata safiya yana goge cikin kofin da tsumma, ya manta bai kashe ba, yatsansa ya gogi ɗaya daga cikin ƙarafan nan biyu, hannun ya motsa a kan gado shi kaɗai har ya razana. Ashe ba sai da tsoka ba. Taɓawa ma tana sa shi motsi.

Amma sai ya cire. A nan, a bakin titi, gaban mutum hamsin da wayoyi biyu.

Bai daɗe yana shawara ba. Ya ce da 'yarsa, "Tallafe shi da kyau, yana da nauyi. Kada ya rinjayi hannunta." Ya kama hannun rigarsa da baki da hagu ya ja shi sama har kafaɗa. Ya danna bakin kofin, ya murɗa, ya zaro. Dungun ya fito jiƙe sharkaf, a tamuke, da tabon ɗinki da na ƙuna, zufa ta zubo daga kofin kamar an tuntsurar da moɗa. Wani ya ce, "Wayyo." Burushi bai ɗaga kai ba.

Ya leƙa cikin kofin. Ƙarafa biyu, iri ɗaya sak, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Yana sanye da shi bai taɓa buƙatar sanin wanne ne wanne ba, kuma yanzu hannun a karkace yake, a kife a kan cinyar 'yarsa. In ya taɓa wanda ba shi ba, zai ƙara matsewa da dukan ƙarfinsa.

"Baba, me kake jira?"

"Yi shiru."

Ya miƙa hagunsa a gaban idonsa, laka duk ta bushe a kai, ya buɗe yatsun. Jijiyoyin bayan hannu suka miƙe, tsokar saman damtse ta motsa. Wannan ya sani, ba daga asibiti ba. Duk hannun da ya taɓa zanawa a buɗe, a baya yake ja masa layukan nan. Ya bi bayan baƙin hannun da ido, daga gaɓoɓin yatsu, ya gangaro har cikin kofin, ya tsaya a kan ƙarfen da ke wannan gefen. Ya goge yatsansa a wando. Ya yi bisimilla ya taɓa.

Shiru.

Ya sake taɓawa, ya ɗan goga. Shiru. Ya kai yatsan bakinsa ya jiƙa shi da yawu, ya mayar, ya ƙwanƙwasa ƙarfen sau biyu da sauri.

Zzz.

Babban yatsa ya fara ɗagawa. Sauran suka biyo shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya dame su. 'Yarsa ta zare hannun yarinyar, ta ture baƙin hannun ya faɗa cikin kwata, ta sungumi 'yarta ta miƙe. Direban tankar ya tare musu mota. Ba ta ce Baba taho ba. Shi ya bi su a baya a wata motar, bayan mai faci ya tsamo masa hannun ya naɗe a buhu.

A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗauki hoton ƙashin. Bai karye ba. Likita ya ce jini zai koma daidai, amma shatin yatsu huɗu zai yi kwanaki. Burushi yana zaune a benci a waje, buhun a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ma manta bai sauke hannun riga ba. Da aka fito da Surutu da bandeji, ta tsaya a gabansa ta ƙura wa dungun ido.

"Kaka, ina sauran?"

"Wuta ta cinye."

Ta yi shiru, abin da ba ta saba ba. Sannan ta sa yatsa ta taɓa tabon. "Kamar gwiwar jariri," ta ce. Uwarta ta ja ta suka wuce.

Kwana goma sha ɗaya 'yarsa ba ta yi masa magana ba, in ban da gaisuwa da ga abinci. Wata maƙwabciya ce take ɗauko yarinyar daga makaranta. Hoton da samarin suka ɗauka ya zaga unguwa, daga inda hannun ya ƙi buɗewa ya fara, babu tankar a ciki. Yaran da ke binsa a da, yanzu in sun hango shi sai su tsallaka ɗaya gefen.

Ya mayar wa injiniyar hannun a cikin buhu. Ta ce tana ɗakin gwaji ne lokacin, wayar tana cikin jaka, ta ba shi haƙuri har sau uku. Ta wanke hannun, ta jona shi da kwamfuta ta daɗe tana dubawa.

"Bai lalace ba, Baba. Zufa ta haɗa kunnuwan biyu, kai kuma duk tsokarka ta ɗaure don tsoro. Abin da ya ji shi ya yi."

"Wato laifina ne."

"Ban ce ba. Namu ne da ba mu sa masa abin saki na gaggawa ba, kuma zan rubuta hakan. Zan rage masa ƙarfin riƙo." Ta cire tabarau ta murza ido. "Sai dai in gaya maka gaskiya, da na rage tun farko, ban sani ba ko da ta suɓuce maka."

Shi ma bai sani ba. Ya karɓa ya tafi da shi, amma bai sa ba.

Majigi ya zo a rana ta tara. Burushi ya shirya wa tsiyarsa, amma tsohon ya zauna a bakin gado yana juya hularsa kawai. Burushi ne ya fara magana. Ya gaya masa zancen ƙwai, da nauyin, da zufar, duk abin da ya ɓoye.

"Hannun dai masu fim sun faɗa, kuma ya zo," ya ce. "Amma nasu ba ya zufa. Nasu mai shi ba ya jin tsoro."

"Matar da ke cewa ya juya maka fa? Ita ma a fim ta gani," in ji Majigi.

"Bai juya min ba. Ina ma ya juya, da na sami wanda zan zaga."

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, 'yarsa ta dawo daga shago ba lokacin dawowarta ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa, ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta shigo ta zauna a ƙasa kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Na hango ku daga shago. Na fito ƙofa na ɗaga mata hannu. Ni ta gani ta taho." "Kwana goma sha ɗaya ina son in faɗa, in na dube ka sai in kasa. Ya fi min sauƙi in ji haushinka."

Ya ɗora hagunsa a kanta.

"Ke kin ɗaga hannu, ni na karɓi raƙumi. Tashi ki wanke fuska, kada maƙwabta su ce dukanki na yi."

Ta yi dariya cikin hawaye. Da za ta fita ta juyo ta ce maƙwabciyar nan za ta yi tafiya gobe, kuma ana tashin yara ƙarfe ɗaya.

Yanzu shekararsa sittin da uku. Yana sa hannun in zai yi aiki, ya danne allo da shi ko ya riƙe gwangwanin fenti, hagun yana rubutu. In ya gama sai ya cire ya jona shi a caji, ya fita da riga mai gajeren hannu. Ya bi masu shagunan bakin titin ɗaya bayan ɗaya har suka sa hannu a takarda, aka zo aka yi tudun rage gudu a gangaren gadar. Allon gargaɗin da ke wurin shi ya rubuta, haruffan sun ɗan karkata dama. Direbobi suna ƙorafi tudun ya yi tsayi da yawa.